Hitar bandaki: gyara ko sabuwa?

Jama'a tunda sanyi ya fara shigowa, masu hitar bandaki da ta daina zafi kar ku yi saurin cire ta. Ku fara dubawa ta ina matsalar take. In hita na kamawa amma ruwa ba ya zafi, yawanci elimen (ƙarfen ciki da ke zafafa ruwan) ne ya ƙone ko tamostat (mai daidaita zafin ruwan) ta mutu, duka biyun ana samunsu a kasuwa kuma kuɗinsu bai kai ko kusa da na sabuwa ba. Musamman mu masu ruwan burtsatse, wani farin abu kamar alli yana taruwa a jikin elimen ɗin har ya lulluɓe shi, shi ya sa za ka ga ta daɗe ba ta yi zafi ba tana ta cin yunit ɗin mita a banza. A sa mai gyara ya buɗe ya kankare, ya duba sandar nan ta ciki mai hana tanki tsatsa, in ta cinye a sa wata.

In hitar na ɗigo kuma ɗigon daga bakin fayif ne ko bawul, ƙaramin aiki ne, filamba zai ɗaure.

Amma in jikin tankin ne da kansa yake yoyo, ko ruwan zafin na fitowa ja-ja da tsatsa, to wallahi kar wani ya ce zai yi maka walda, asarar kuɗi ce, a sayi sabuwa kawai, balle in ta kai shekara 10. In kuma famfo ya fara jan mutum da shokin, a kashe suwic ɗinta nan take, kar kowa ya shiga wanka sai mai wayarin ya duba wayar as, wato wayar da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa.