Yadda na gyara robon da ake turewa wurin tsaro

A gasar robo (na'ura mai tayoyi da ake tuƙawa daga nesa), robon ɗalibanmu a Yamai shi ke tsaro, wato tare hanyar abokan karawa, amma da an taɓa shi sai ya sulale gefe. Mun canza batir, mun duba lissafin tuƙi (umarnin kwamfuta da ke sarrafa tafiyarsa), shiru.

Sai na sa yara biyu su ɗauki wasan gwaji da waya. A bidiyon muka ga tayoyin na juyawa a banza, kuma kullum daga gefe ake bugunsa. Na goge ƙurar hunturu daga tayoyin da alkol, na sauko da batir ƙasa tsakiya, na mayar da giya daga 20:1 zuwa 40:1 (wato inji ya juya sau 40 kafin taya ta juya sau ɗaya), na sa injinan su kama birki idan matuƙi ya saki sandar tuƙi. Gudu ya ragu da rabi, amma mai tsaro ƙarfi yake so. Matuƙi kuma yanzu da gaba yake tarbar abokan karawa. Alhamdulillahi, yaran sun yi ƙoƙari.