Yadda na gyara amfilifayar da ke kashe kanta

Wata biyu ina fama da amfilifayar falona, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti ta tura wa sifikoki. Da fim ya kai wurin harbe-harbe sai ta ɗauke ɗif, samanta kuwa zafi kamar dutsen guga. Na ɗauka ƙarancin wuta ne.

Ashe sifikokina masu om 4 ne (om ma'aunin turjiyar sifika ga wuta ne; idan ya yi ƙasa, sifika ta fi jan wuta), ita kuma om 8 aka rubuta a bayanta, shi ya sa suke jan wutar da ta fi ƙarfinta.

Da yake tana da ramukan firi'am, wato inda ake fitar da sauti zuwa wata amfilifaya kafin a ƙara masa ƙarfi, sai na bar mata sarrafa sauti kawai, na sayo wata amfilifaya mai ɗaukar om 4, na haɗa ta da tsohuwar ta waɗannan ramukan, na jona sifikokin gaba biyu a kanta. Na kuma fito da amfilifayoyin daga kabad su sha iska. Jiya mun kalli fim na awa uku, ba ta ɗauke ba.