Hunturu a hostal ɗin Jos: yadda za ku ji ɗumi ba tare da gobara ko hayaƙin gawayi ba

Jos a kan tudu take, tsayin mita kusan 1,200 sama da teku, shi ya sa a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauko ƙasa da digiri 10 a wasu ranakun. Ɗalibin da ya taso daga Sakkwato ko Maiduguri ya samu gado a ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Jos, Naraguta ko Village ko Abuja Hostel, ko ya kama haya a Unguwar Rogo ko Farin Gada, tun makon farko zai fara neman dabarar ɗumama ɗaki da ruwan wanka. A cikin waɗannan dabarun ne haɗarin yake.

Ku fara da lissafin wuta, domin shi ne aka fi mantawa. Soket ɗin bango mai ido uku amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka. Idan aka ninka da bolt 230 na wutar gida, nauyin da zai iya jurewa bai wuce wat 3,000 ba. Kowane kayan wuta an rubuta nasa a jikinsa ko a ƙasansa, lamba ce da harafin W a ƙarshenta. Hita ta dafa ruwa takan ci wat 1,000 zuwa 2,000. Rishon lantarki mai kai ɗaya, 1,000 zuwa 1,500. Dutsen guga, 1,000 ko fiye. Cajar kwamfutar cinya kuwa wajen 65 ce, ta waya ba ta ma kai haka ba. Wato caja goma ba sa damun soket, amma hita da risho da dutsen guga a tare sun riga sun haye iyaka. Ekstenshan mai araha ya fi muni, don wayar cikinsa siririya ce, tun kafin a kai 3,000 ta fara narkewa. Dokar ɗaki ta zama guda: duk abin da ke yin zafi, shi kaɗai, kai tsaye a bango, ɗaya bayan ɗaya.

Wuta ba ta kamawa sai ta yi gargaɗi. Filogi ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, bakin soket ya yi baƙi, ana jin warin roba ko ƙarar tartsatsi: a kashe, a zare, a kai rahoto ga masu kula da hostal su turo mai gyara. Cusa tsirarar waya a soket a tokare ta da tsinken ashana shi ne mafi saurin jawo wannan, domin haɗin da bai kama sosai ba zafi yake tarawa. Haka nan idan fis ya ƙone aka naɗa masa waya, an cire abin da zai katse wutar kafin ta ci ɗakin.

Hostal da yawa sun hana hita da risho, don haka ku karanta dokar naku tukuna. Inda aka yarda, ga yadda ake yi. Ruwa ya rufe ƙarfen hitar baki ɗaya kafin a kunna. A rataye ta a jikin busasshiyar sanda da aka gitta a bakin bokiti, kada ta taɓa robar. Hita mai wat 1,500 cikin kimanin minti 15 za ta ɗumama lita 10 na ruwan sanyi ya isa wanka, saboda haka babu dalilin kunna ta a tafi masallaci ko a koma barci. In ruwan ya ƙafe, ƙarfen zai yi ja, bokitin ya narke, katifa kuma tana kusa. Ba a tsoma yatsa a ji ko ya yi zafi alhali tana jone, don tsohuwar hita kan zubar da wuta cikin ruwan. A kashe, a zare filogi, sannan a ciro ta. Kada a kai ta banɗaki mai jiƙaƙƙen daɓe.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar girki ko guga, a zare komai nan take. Ba a san lokacin da za a dawo da ita ba, kuma sau da yawa sai kowa ya tafi lakca.

Gawayi ya fi wutar lantarki wayo. Kasko a tsakiyar ɗaki, an rufe ƙofa, an toshe tagogi da tsumma, kowa ya ji daɗi. Gawayin da ke ci a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Tana kama jini ne ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Wai a bari hayaƙin ya ƙare a waje, sai garwashi ya yi ja a shigo da shi, wannan ba ya maganin komai, jan garwashin ma yana fitar da ita. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi, kuma abin lura shi ne duk 'yan ɗakin lokaci guda suke ji. In haka ta faru, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da kowa sarari, a kai asibitin makaranta ko da mutum ya ce ya warware. Madara da manja ba sa fitar da ita. Janareta a baranda ko kusa da taga, ga masu haya a waje, hukuncinsa ɗaya.

Ɗumin da ba ya kisa na jiki ne: riga biyu ko uku marasa kauri sun fi guda mai nauyi, sai hula da safa. Mai kwana a ƙasa ya shimfiɗa tabarma ko kwali ƙarƙashin katifa, domin daɓen siminti ne ke zuƙe ɗumin. Taga kuwa a bar mata kafa kamar faɗin yatsu biyu ko da dare. Ɗakin mutum shida ko takwas a rufe ruf a lokacin rani shi ne wurin yaɗuwar mura da sanƙarau. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko amai da ƙin ganin haske, ba a jira safiya da su. Asibitin makaranta a daren, su kuma su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo in abin ya fi ƙarfinsu.

Masu ƙaramar tukunyar gas, kilo 3 ko 6, su gwada ta duk bayan an cika: a shafa ruwan sabulu a wuyanta da mahaɗar, in ya yi kumfa tana yoyo. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ƙarƙashin gadaje. In an ji warinsa kada a kunna ko a kashe ƙwan lantarki, kada a ƙyasta ashana. A rufe tukunyar, a buɗe ƙofa, a fita da ita. Mai ya kama wuta a kan risho, a kashe rishon a kife murfi, ruwa watsa wutar zai yi. Ƙuna kuwa ruwan sanyi mai gudana na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba. Wanda wuta ta ja ba a kama shi da hannu, a kashe ta daga tushe ko a ture shi da busasshen katako.

Ɓera ma a wannan lokacin yake da haɗari, domin zazzaɓin Lassa da rani ya fi tashi, kuma ba baƙo ba ne a garin nan: a 1969 ma'aikaciyar jinyar da ta fara kamuwa a garin Lassa na Barno, asibitin mishan na Jankwano aka kawo ta, a nan ta rasu. Ta fitsari da kashin ɓera ciwon yake shiga abinci. Garin kwaki, shinkafa, taliya, duk a zuba a roba mai murfi, ba a buhu ƙarƙashin gado ba. Abin da ɓera ya ɓula a zubar. Mataccen ɓera a ɗauke shi da leda a hannu. Zazzaɓin da aka sha maganin maleriya kwana uku bai sauka ba, a koma asibiti a faɗa musu akwai ɓera a ɗakin.

Duk wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, don katifarka ba ta san wanda ya kunna hitar ba. A daren farko ku zauna ku rubuta takarda guda ku manna a bayan ƙofa: wa zai duba soket in ya zama na ƙarshen fita, ranar sharar kowa, lambar fota, wato mai kula da hostal, da ta asibitin makaranta da lambar gaggawa ta 112. Inda aka sa wa tagogi ƙarafa, ƙofa ce kaɗai mafita, saboda haka makulli ya samu ƙusa guda da kowa zai lalubo cikin duhu, bokitai da jarkoki kuma su bar hanya. Ku zagaya ku ga inda abin kashe gobara yake, allurar agogonsa ta kasance a kan kore. Mai asma ko farfaɗiya ko sikila ya sanar da ko da mutum ɗaya inda maganinsa da katin asibitinsa suke. Mai sikila musamman, sanyi na tayar masa da ciwon, don haka a ba shi gadon da ya fi nisa da taga, shi ne kuma na farko a layin ruwan zafi.