Yadda ake gasa dankali ya yi zaƙi kamar zuma

Da sanyi ya sauka a Maraɗi, dankalin Hausa, wanda wasu ke ce wa kudaku, sai ya cika kasuwa tsibi-tsibi. Yawancinmu dafa shi muke mu ci da ƙuli-ƙuli da yaji. Ni kam gasasshe na fi so a gefen shinkafa ko naman kaza, domin ruwan dahuwa tsarma zaƙinsa yake, wuta kuwa tara shi take.

Ƴar'uwa, ki fara da zaɓe. Ki ɗauki matsakaita masu kai ɗaya, waɗanda ƙwaro bai huda ba, don wurin hudar ɗaci yake. In kin samu mai jan ciki kamar karas, kada ki bar shi: ya fi laushi, kuma yana ba jiki bitamin A da idon yara ke buƙata. Sabon tono bai cika zaƙi ba, sai ya sha iska a inuwa kamar mako biyu. Kada ki sa shi a firji, sanyi lalata shi yake.

Ki wanke ƙasar tas, ki bar ɓawon, ki soke shi da cokali mai yatsu, ki shafa man gyaɗa kaɗan.

Sirrin yana ga wuta. Idan zafi ya shige shi sannu a hankali, garin da ke cikinsa yakan juye ya zama sukari. In kika babbaka masa wuta, waje ya ƙone, ciki ya fito salam. Mai tanderun gas ta sa a digiri 200, minti 45 zuwa 60. Wadda ba ta da shi ta zuba tsabtataccen yashi a gindin tsohuwar tukunya, ta ɗora faranti na ƙarfe, ta jera dankalin, ta rufe, ta ɗora bisa garwashi, da ɗan garwashi a kan murfi. Ki riƙa juyawa duk bayan minti 20.

Da kin ga ruwa mai danƙo yana tsattsafowa ta hudojin, tsinke kuma ya shige ba gardama, ya gasu. Ki tsaga shi da zafinsa, ki sa man shanu ya narke, ki yaryaɗa zuma cokali guda, sai garin citta da ɗan gishiri. Soyayyar gyaɗa dakakkiya a sama, a kai wa maigida tun tururi na tashi.