Huda ado a jikin abu mai lanƙwasa ba tare da ramukan sun baje ba

Karon farko da na so huda ramuka a murfin fitila mai siffar bututu, na bi hanyar da kowa ke fara bi. Na zana da'irori a shimfiɗe a SolidWorks, manhajar zana siffar abubuwa a kwamfuta, na danna Extruded Cut, umarnin da ke yanke zanen a miƙe cikin abu, suka ratsa bututun. Na tsakiya suka fito tsaf, na gefe kuwa sai ka ce an ja su da hannu. Yankan yana tafiya ne a miƙe, jikin bututun kuma yana juyawa yana kauce masa. Inda jikin ya karkata da digiri 60, ramin milimita 10 yakan miƙe ya kai kusan 20.

Yanzu kafin in yanka komai, sai na tambayi kaina: wannan jikin zai warwaru ya kwanta kamar takarda?

Idan bututu ne ko mazurari, zai kwanta. Sai ka fara da lissafin kewaye. Murfin nawa faɗinsa milimita 80 ne, na ninka da 3.1416, ya ba ni 251.3. Na zana fili mai wannan tsawon, na raba shi gida 24, kowane gida milimita 10.47. Kada ka ce za ka mayar da shi 10.5 don sauƙi. Ni na yi, kuma a mahaɗar da zanen ya zagayo, ramin ƙarshe ya matse na farko, ido na ganinsa daga nesa. Bayan zane sai Wrap, umarnin da ke naɗa zanen a jikin bututun, ka zaɓi Deboss, wato ya nutsa ciki, ka ba shi zurfin da ya kai kaurin bangon. A manhajar Fusion (wadda a da ake kira Fusion 360), Emboss ne ke wannan aikin.

Ka lura, da bango mai kaurin milimita 2, kewayen ciki 238.8 ne kawai, don haka ramin yana ɗan tsukewa ta ciki. Ga ado ba komai. Idan ƙusa ko noti zai ratsa, to da magana.

A nan na fi son wata hanyar: huda rami ɗaya tak daidai tsakiya, inda yankan ke fuskantar jikin sosai, sannan ka zagaya da shi da Circular Pattern, digiri 15 tsakanin kowanne. Duk su fito iri ɗaya. In ramukan sun kai ɗaruruwa kwamfutar ta fara nishi, kunna Geometry Pattern, yakan rage mata nauyi.

Abu mai lanƙwasa ta fuska biyu, kamar rabin ƙwallo, shi ne mai taurin kai. Gwada naɗe ƙwallo da takarda ka ga yadda take tattarewa. Masanin lissafi Gauss ya tabbatar tun 1827 cewa ba a shimfiɗa irin wannan jiki sai wani wuri ya miƙe ko ya takura, saboda haka kada ka ɗora wa manhaja laifi. A manhajar Rhino nakan fitar da shimfiɗar jikin da CreateUVCrv, in jera adon a kanta, in mayar da FlowAlongSrf. Idan ina son ramukan su riƙe siffarsu, sai in kunna Rigid, tazarar da ke tsakaninsu ce za ta ɗauki bambancin. Kusa da ƙololuwar rabin ƙwallon kuwa, inda layuka ke cunkushewa, rage adadin ramukan nake yi da hannu, layi bayan layi.