Yadda nake tsufar da kan jirgin ƙasa na kwaikwayo har ya yi kama da na gaske

Kan jirgin da na fara sa wa hannu, ɓata shi na yi. Mai dizal ne, girman HO, wato ƙarami sau 87 a kan na gaske. Na ciro shi daga kwali yana walƙiya, na ɗora a kan layi, ko daga bakin ƙofa ka hango shi ka san roba ce. Sai na dama baƙin fenti da ruwa na shafe shi tun daga sama har ƙasa. Da ya bushe ya koma kamar an tsamo shi daga kwata. Yana nan a ajiye har yau, a kansa nake gwada kowane sabon haɗin fenti.

Kuskurena shi ne na ɗauka datti datti ne kawai. Ashe kowane tabo a jikin jirgi akwai abin da ya jawo shi. Hayaƙi yana sauka daga sama, ƙura tana tasowa daga ƙarƙashin ƙafafu, ruwan sama yana jan komai ƙasa a miƙe, iskar gudu kuma tana karkatar da shi baya. In ka san ta inda dattin ya fito, hannunka zai san inda zai ajiye shi.

Saboda haka kafin in buɗe kwalbar fenti sai na nemi hoto mai launi na irin jirgin da ke gabana, in jingina shi inda ido zai riƙa kai wa. Gani ya kori ji. Shekarar hoton ma tana da muhimmanci. Jiragen tururi na Birtaniya a ƴan shekarun da suka gabaci 1968, lokacin da aka daina aiki da su a manyan layuka, da yawansu sun yi dauɗar da da ƙyar ake karanta lambarsu, don an daina kula da wanke su. Irin wannan jirgin kuwa a zamanin da yake jan taragon fasinja na alfarma, goge shi ake yi har ya yi sheƙi. Zaɓi shekara ɗaya ka tsaya a kanta.

Kayan aikin ba su da yawa. Fenti kala uku ya ishe ni: baƙi marar sheƙi, ruwan ƙasa, da toka-toka, sai ɗan fari in jirgin mai tururi ne. A cikin fentin kamfanin Humbrol, lamba 33 (baƙi) da 62 (ruwan ƙasa) nake haɗawa kusan kullum. Sai garin alli mai launi, ko ka saya a shirye ko ka goga allin zane a kan sanfefa. Sai buroshi mai faɗi mai laushi, wani siriri, audugar goge kunne, salatif na masu fenti, fensir, da banish marar sheƙi. Na'urar feshin fenti tana sauƙaƙa aiki, amma na yi shekaru ba ni da ita. Fentin ruwa yana saurin bushewa kuma warinsa kaɗan ne. Na mai yana ba ka lokacin gyara, shi ya sa na fi son sa, sai dai a buɗe taga, in feshi za a yi kuma a sa takunkumi.

Da farko a raba gangar jiki da ƙasan jirgin in zai rabu, a wanke gangar da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka, don maiƙon yatsa yana hana fenti kamawa. A rufe gilasai da fitilu da salatif. Injin lantarki da ƴan siraran ƙarafan da ke ɗauko wuta daga ƙafafu, kada fenti ya kusance su. Sannan a fesa banish siriri, domin garin alli ba ya zama a kan roba mai santsi.

Daga nan sai wanki, wato sa fenti tsinkakke ya shiga lunguna, kuma a nan na fi daɗewa. Ina haɗa baƙi kashi ɗaya da ruwan ƙasa kashi biyu, in tsinka shi da tina har ya koma kamar ruwan da aka wanke buroshi a ciki. Baƙi zalla ban yarda da shi ba. A jikin abu ƙarami yana zama kamar rami, dattin gaske kuma kusan kullum da ɗan ja-ja a cikinsa. Da siririn buroshi nake ɗiga haɗin a kan tagogin iska, gefen ƙofofi da kawunan ƙusoshi, shi da kansa zai bi tsagar ya shige. In bar shi kamar minti 10, sannan in ɗauko auduga da ɗan danshin tina, danshi kawai ba jiƙewa ba, in riƙa gogewa daga sama zuwa ƙasa. Ko da wasa kada ka goga a kwance. Ruwan sama ba ya gudu gefe, kuma idon mai kallo yana gane haka ko bai san dalili ba. Abin da ya rage a lungu bayan gogewar shi ake nema. Gefe ɗaya nake gamawa, in kwatanta da hoton, kana in juya.

Ƙasan jirgi ya fi ko'ina dauɗa. Ƙurar birki da ta layi tana mai da shi ruwan ƙasa mai duhu ko da wane fenti aka yi masa a masana'anta. In da na'urar feshi ne, ina sa ƙarfin iska wajen psi 15 zuwa 20 a ma'aunin na'urar, in riƙe ta ƙasa-ƙasa ina fesawa sama, yadda ƙurar gaske take tasowa, har ta ɗan taɓa gindin gangar jiki ta ɓace a hankali. In buroshi ne, garin alli nake dangwalawa. Kada a manta fuskar ƙafafun. Ƙafa mai walƙiya a ƙarƙashin jirgi mai datti tana tona asirin aikin duka. Nakan ba jirgin wuta kaɗan ƙafafun su juya, in riƙe buroshi a fuskarsu.

Rufin mai dizal aikinsa kaɗan ne: baƙin hayaƙi kewaye da bakin salansa, yana raguwa in an yi nisa, zuwa ɓangarorin biyu in jirgin mai tuƙi ta kowane kai ne. A tankin mai kuma siririn layi mai sheƙi daga bakin zubawa zuwa ƙasa.

Mai tururi kuwa ya fi ba da aiki, ya kuma fi daɗi. Saman tukunyar yana ɗaukar baƙin hayaƙi tun daga bututu har rufin ɗakin direba. Inda tururi ke fita, kamar gindin usur da bawul ɗin rage matsi, ruwa yana barin farin tabo mai gangarowa. Ɗigo ɗaya na farin da aka sirka da toka, a ja shi ƙasa da buroshi mai danshi, ya wadatar. Gaban tukunya, inda zafi ke cin fenti, yakan yi toka-toka da ɗan tsatsa. Ƙarƙashin murhu akwai toka mai haske. Sandunan da ke haɗa ƙafafu su kuma jiƙe suke da mai, don haka sheƙi suke so, ina sa musu ruwan ƙasa mai duhu haɗe da banish mai ƙyalli. Wannan bambanci tsakanin wuri busasshe da wuri mai maiƙo shi ke sa jirgi ya yi nauyi a ido. Matakala da marikin hannu, inda takalmi da tafi ke gogewa kullum, bakin fensir nake bi da shi sai ga ƙarfe ya fito. A taragon kwal kuma ina rufe kwal ɗin roba da na gaske da aka daka, a manna da farin gam da aka tsinka da ruwa.

Tsatsa ce tarkon kowa. Tana da kyau a ido, hannu ba ya son dainawa. Amma jirgin da ke aiki mai da ƙura ne suka rufe shi. Jan tsatsa mai yawa na wanda aka yasar ne. Ni dokata, duk sanda zuciya ta ce a ƙara kaɗan, sai in ajiye buroshi in bar shi ya kwana. Da safe in ɗora shi a kan layi, in ja da baya kamar mita ɗaya in duba a hasken da zai zauna a ciki. Sau da yawa ba na ƙara komai.

Banish na ƙarshe yana kare aikin daga yatsu, sai dai yana shanye garin alli, musamman mai haske, har ka ga kamar ba ka sa ba. Fesa daga nesa, siriri, in ya bushe a maimaita garin inda ya ɓace. Wuraren mai masu sheƙi sai bayan banish ake yin su, in ba haka ba za su dushe.

Saura cire salatif da goge ƙafafu. Gefen da ke taka layi ta nan wuta ke shiga, fenti ko kaɗan ya hau wurin jirgin zai riƙa tsayawa yana fizga. Ina jiƙa auduga da sinadarin isopropyl, wani irin sifirit, in goge kowace ƙafa har audugar ta fito fara, ina kaffa-kaffa kada ya ɗiga a gangar jiki, don yana cin fenti kuma yana sa banish ya yi fari. Sai ɗigon mai ɗaya a bakin tsinke ga kowane wurin juyawa, a mayar da gangar, a bar shi ya zagaya layi a hankali na minti 15.