Yadda Ake Mayar da Tambayar Lissafi ta Zube Zuwa Aljebra

Yawancin ɗaliban ƙaramar sakandare ba a wajen tarawa ko rabawa suke faɗuwa ba, tun wajen karanta tambayar ake barinsu a baya. Saboda haka matakin farko shi ne ka karanta sau biyu, ka gano abin da ake nema, ka sa masa harafi, misali x.

Ga misali. Uwargida ta auno shinkafa mudu 3, ta biya mai adaidaita sahu naira 500, jimillar abin da ta kashe naira 9,500. Nawa ne mudu ɗaya? Kuɗin mudu shi ne x. Mudu uku ya zama 3x, a ƙara kuɗin mota:

3x + 500 = 9,500

Alamar daidai kamar sikelin mai awo take: duk abin da ka yi wa ɓangare ɗaya, dole ka yi wa ɗayan. Cire 500 daga kowane ɓangare, saura 3x = 9,000. Raba kowanne gida 3, x = 3,000. Sai ka mayar da amsar cikin tambayar ka gwada: 9,000 da 500 sun ba da 9,500. Ta fita.

Inda abubuwan da ba a sani ba suka fi ɗaya, a ganina gara ka ba mafi ƙanƙanta x, don ka tsira daga ɓarin lamba, irin su rabi ko sulusi. Mutum ya rasu ya bar 'ya'ya maza 2 da mace 1, babu wani magaji bayan su, abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira 500,000. Namiji na da rabon mata biyu. Rabon macen x, na kowane namiji 2x:

x + 2x + 2x = 500,000

Wato 5x = 500,000. Mace ta samu 100,000, kowane namiji 200,000. Irin wannan lissafin gadon ma ya ci babban kaso na aikin Alkhawarizmi, masanin da ya tsara aljebra a Bagadaza a ƙarni na 9. Amma rabon gado na gaske, a kai wa malamai ko alƙali.

Ka kula da kalmomi. "Ya fi shi da 5" tarawa ce, x + 5; "ya ninka shi sau 5" kuwa 5x ne. "An cire 7 daga x" ana rubuta shi x − 7, ba 7 − x ba, kuma a nan ne ɗalibai da dama ke zubar da maki a jarrabawa.